Kahin ka ɗaure kaya, ƙanena

Salamu alaikum ƙanena, ina gajiya, ya gida, ya jikin Baba? Allah shi ƙara sauƙi. Barka da samun bak, jarabawar gama sakandare, kuma, walle na ji daɗi ƙwarai, Allah shi sa albarka. Na saurari vokal ɗinka har ƙarshe, kuma na ga wagga magana ba ta vokal ba ce, shi ya sa na zamna na rubuta maka, ka karanta a tsanake, in ka ga dama ma ka karanta ma Inna.

Ka ce ka aje dosiye na bursin Maroko kana son karatun injiniya, amma hawan jini ya sa Baba gaba tun bara, kai ne babban namiji cikin gida, Inna kuma duk sanda ka tada zancen tahiya sai ta yi shiru ta shige ɗaki. Ka ce kuma in bursin bai hito ba akwai abokanka na unguwar Wadata da ke shirin Agadas su wuce Libiya, suna jan ka. Kana tambayata ka tahi ko ka zamna.

Bari in fara da ta Libiya don ita ba ta da tsawo. Kar ka tahi. Na san mu mutanen Adar da biɗa anka san mu, babu gidan da ba ya da wani a Abijan ko Legas ko Sabha, kuma tunda anka soke dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure a watan Nuwamba 2023 motoci sun koma hita Agadas a hili, shi ya sa samari ke ganin kamar hanya ta yi sauƙi. Doka ce anka soke, ƙishirwar hamadar Tenere tana nan yadda take. A watan Oktoba 2013 gawa 92 anka tsinta kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara ƙanana. Kai da ke da bak a hannu, ga jami'ar Djibo Hamani nan cikin Tawa, ga Abdu Mumuni a Yamai, ba ka da hujjar da za ka kai ma Inna wagga fargaba. In Maroko ba ta yiwu ba bana ka yi rajista nan gida ka sake gwadawa baɗi.

Maroko kuwa na zamna can kahin in wuce Faransa, a Fas na yi lisans, kuma ba ni tsorata ka da ita. Bursi ba ta isa, wannan ka sa shi a ranka tun yanzu, sai kun haɗu ku uku ko huɗu kuna tukunya guda. Sanyin Fas na watan Janairu ba irin ɗarin Tawa ba ne, ruwan sama ne da sanyi tare kuma ɗakunan ba su da abin ɗumama. Za ka gamu da masu kallon baƙar fata a wulaƙance, za ka gamu da mutanen kirki da za su kira ka kuskus ran Juma'a. Abin da zai kwantar maka da rai shi ne masallaci, Malikiyya ne kamar mu, ƙira'ar Warsh suke yi irin wadda munka koya a allo, bayan magariba da asuba sai ka ga jama'a sun kewaya suna karanta hizbi da murya guda. Duk wannan yaro mai natsuwa shina iya wa.

Abin da ba a faɗa ma masu tahiya shi ne wanda nike so ka ji daga bakina, don na ga shi ne ainihin tambayarka ko da ba ka hurta shi ba. Kana tsoron Baba shi rasu kana nesa. To ƙanena abin nan shina iya faruwa, kuma ni ya same ni.

Ka san tsohona ya rasu cikin azumin 2020, kana yaro lokacin amma ka je zaman makoki. Ni ina Liyon. Nijar ta ruhe filayen jirgi tun watan Maris saboda korona, ba a buɗe ba sai 1 ga Agusta, Faransa kuma muna cikin kulle tun 17 ga Maris, masallatai duk a ruhe. Bayan sahur anka kira ni, kahin azahar an kai shi makwancinshi. Amma ka lura, ko babu korona ba ni samun jana'izar, mu ba mu aje gawa, wanda ya cika da asuba kahin rana ta yi tsakiya an gama. Ko yau ka samu jirgi daga Kazabalanka, ka sauka Yamai, akwai sama da kilomita 500 gabanka, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa, Badagishiri, wuni guda cikin kar. Mu na Faransa ma tun bayan 2023 babu jirgi kai tsaye, sai ka zagaya ta Kazabalanka ko Istambul. Duk wanda ya ƙetare ruwa ya riga ya yarda cewa da wuya shi ɗauki makarar iyayenshi, ko ya sani ko bai sani ba. Ni ina so kai ka sani.

Kwanakin nan babu wanda ya shigo ɗakina ya ce ya haƙuri. A gida in an yi rasuwa ana shimfiɗa tabarmi ƙohar gida, mutane na zuwa suna tashi, ana fatiha, ana kawo hura da tuwo daga maƙwabta, ba a barin ka kai kaɗai da zuciyarka. Ni waya ce kawai, kuma da an kashe ta shikenan. Barci ya ƙi, abinci ya ƙi, har salla sai in yi ta ban san raka'a nawa na kawo ba. Abin da ya riƙe ni karatu ne, kuma ba da wata dabara na fara ba, azumi ne, ina bin hizbina kamar kullum har na iso suratu Yusuf.

Mu ƴan tahiya kullum in mun karanta surar nan kanmu muke gani a Yusuf, yaro an raba shi da gida, ya sha rijiya ya sha kurkuku a ƙasar mutane, daga baya Allah ya ɗaukaka shi ya ciyar da danginshi cikin yunwa. Haka nike karanta ta shekara da shekaru. A wannan azumin ne idona ya tsaya kan annabi Yaƙubu, tsoho da anka bari a gida, wanda Alƙur'ani ya ce idanunshi sun yi fari saboda baƙin ciki, ɗiyanshi na ce mishi ba ka daina ambaton Yusuf har sai ka halaka, shi kuma ya ce ga Allah kaɗai nike kai kukana. Sai na tuna tsohona bai taɓa ce mini shina kewata ba, kullum maganarshi ita ce ya karatu, ka riƙe salla, mu nan lahiya lau. Sai bayan rasuwarshi yayata ke ba ni labari duk ran Lahadi in ya dawo kasuwa sai ya biya ta tasha ya ɗan zamna wai shina hutawa, alhali ya san ba ni cikin kowace mota. Shirun da Inna ke yi maka irin shi ne. Ba hana ka take ba, kuma kar ka ɗauka ba ta damu ba. Wanda ya tahi shina da sabon gari da sabbin abokai da jarabawa da ke cinye mishi lokaci, wanda anka bari ɗakinka kawai yake gani a ruhe.

Wani abu kuma da na samu cikin surar, annabi ne guda ya yi kuka har ya rasa gani kuma Allah bai zarge shi ba, shi Yaƙubu haƙuri mai kyau ya kira abin. Mu an tashe mu da cewa namiji ba ya kuka, in ka zubda hawaye a makoki sai wani ya ce ka yi tawakkali mana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi hawaye ranar da ɗanshi Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubda hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba mu faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Daga ranar na bar kaina na yi kuka, kuma daga nan ne salla ta fara komo mini daidai.

Bayan salla ƙarama na koma ga littattafan hadisi ina biɗar abu guda, shin akwai wanda irin wannan ta sama cikin sahabbai? Akwai. Sa'adu ɗan Ubada, shugaban Khazraj na Madina, mahaihiyarshi ta rasu ba ya gari. Da ya komo ya tambayi Annabi, uwata ta rasu ba ni nan, in na yi sadaka dominta za ta amfane ta? Annabi ya ce e. Nan take ya ba da gonarshi sadaka. Buhari ne ya ruwaito. Ban iya gaya maka yadda hadisin nan ya sauke mini nauyi ba, don Annabi bai ce mishi don mi ka yi nisa ba, hanya ya nuna mishi. Muslim kuma ya kawo cewa mahi girman biyayya shi ne mutum shi sada zumunci da aminan ubanshi bayan uban ya wuce, har Abdullahi ɗan Umar ya sauka daga jakinshi ya ba wani balaraben ƙauye shi da rawaninshi don kawai uban mutumin aminin Umar ne. Shi ya sa har yau duk salla ina aika goro ga tsohin nan na unguwar Bilbis da sunka yi majalisa da tsohona, ba wani abu mai yawa ba, jikka biyar jikka goma ta kamfanin aika kuɗi na Nita, kuma ina kiran su. Su ne ke ba ni labarin samartakarshi, biɗarshi ta Abijan, abubuwan da shi bai taɓa faɗa muna ba.

Amma ba ni ɓoye maka ɗayan gehen. Cikin littattahan nan dai akwai mutumin da ya zo neman izinin jihadi, Annabi ya tambaye shi iyayenka na raye? Ya ce e, ya ce to koma ka yi jihadinka a kansu. Akwai Uwaisul Ƙarni na Yaman da hidimar uwa ta riƙe shi bai ga Annabi ba, amma Annabi ya ce ma Umar in ka gamu da shi ka roƙe shi shi nema maka gahara. Don haka in ka zaɓi zama kusa da Baba ka yi karatunka a Tawa, kar wani shi sa ka ji kamar ka gaza, ni dai ba ni ganinka ƙasa da wanda ya hau jirgi. Masu turo hotuna daga waje rabin labari suke turowa.

Ra'ayina in kana so, ka tahi in bursin ya hito, amma da sharaɗi. Ka samu Baba ku biyu, ba gaban mutane ba, bayan isha'i in gida ya yi shiru, ka faɗa mishi tsoronka ƙarara yadda ka faɗa mini. Na san da kunya, mu ba mu saba irin wagga magana da iyaye ba, amma ka daure. In ya sa maka albarka da zuciya guda ka tahi da ita. In ka ji muryarshi na rawa, ko ya ce ka ɗan jinkirta, ka jinkirta, shekara guda ba ta kashe karatu. Ita ma Inna ka zamna da ita daban, kar ka bari Baba shi amsa a madadinta. Sannan ku tsara wa zai riƙa kai shi awon tansiyo, wa zai riƙa sayen magani, don hawan jini ciwo ne da ake zama da shi shekaru in ana shan magani kullum ba fashi ana rage gishiri da dunƙulen miya, matsalar tsohinmu da sun ji sauƙi sai su aje maganin. Ƙanwarka ta girma, a damƙa mata wannan, ni kuma kuɗin maganin ka bar mini.

Kuma watannin da sunka rage maka ka zamna da shi ka yi ta tambaya, ka kunna rikoda ta waya. Daga ina kakanninmu sunka taso, gonar nan ta hanyar Keita ta yaya ta zo hannunmu, wa da wa muke bin zumunci. Ni tarihin Adar a bibliyotek ta Liyon na karanta shi cikin littahin Djibo Hamani, yadda Agabba ɗan sarkin Agadas ya ci ƙasar har sarauta ta zo ta zamna Illela, na yi ta samun sunayen garuruwan da tsohona ke ambata, ga tambayoyi cike da baki babu wanda zan kira. Littahi ya ba ni na sarakuna, na gidanmu yana wurin su Baba.

In ka isa can ka tsaida rana guda ta kira ka riƙe ta ko kana da jarabawa, kar ka jira sai kana da kuɗin aikawa, da yawa cikinmu kunyar hannu wohi ke sa su ɗauke ƙafa wata da watanni, alhali muryarka suke so. Ka tahi da Alƙur'aninka na gida wanda idonka ya saba da shahukanshi, da ɗan littahin hadisi arba'in, kuma ka yi katin bibliyotek tun satin farko, ka karanta abin da ba ya cikin jarabawa ma, dare na da tsawo a ƙasar mutane.

Ka turo mini hoton takardar makinka ta bak da jerin hilyoyi, wato fannonin karatun da ka zaɓa cikin dosiye in duba, akwai garuruwan da haya ta hi sauƙi kamar Ujda da Fas in an kwatanta da Rabat ko Kazabalanka. Ran Juma'a bayan la'asar zan kira Baba mu gaisa, ba ni tada mishi zancen sai kai ka fara, ka dai tsaya kusa ka riƙe mishi wayar don kunnenshi ya yi nauyi. Ka gaida Inna da kyau, ka gaida yara duka.