Katin hoto kaɗai ba zai ishe ka ba

Malam, ka tambaya ko sauya katin hoton kwamfuta ya isa ka buga wasan 3D mai tabarau. Bai isa ba, sai ka haɗa da allo ko tabarau da ya dace. Hoto biyu ake zanawa, kowane ido da nasa, shi ya sa aikin katin ke kusan ninkawa. Tsohon tsarin tabarau na 3D Vision na Nvidia, kamfanin da ke ƙera katin hoto, sai da allo mai 120Hz, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, kuma kamfanin ya daina tallafa masa tun 2019. Yanzu Meta Quest ake yayi, wato tabarau mai allo a cikinsa da ake ɗaurawa a fuska.

Ta ɓangaren kati, RTX 3060 na Nvidia zai ɗauke ka, in na'urar ba da wutar kwamfutarka ta kai wat 550. In tokumbo za ka saya a Computer Village, Ikeja, kar ka biya sai an gwada shi a gabanka har ya ɗau zafi. Don Allah ka haɗa da UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, ka san halin wutar Legas.