Lalle ya ƙi fitar da kiristal: amsar Malam ga yaronsa na ɗakin gwaji

Tambayar da yaron ya kawo ita ce: "Malam, na jiƙa garin lalle giram 100 a metanol kwana uku, na tace, na ƙafe shi, sai na samu wani baƙin danƙo mai kore-kore. Mako guda ke nan bai fitar da kiristal ba, a farantin TLC na gwada tsabta kuma jela kawai yake ja maimakon tabo. In wuce in haɗa shi da asid haka nan, in gwada a kan ƙwayoyin cuta?"

A'a, ɗana, kada ka wuce. Abin da ke cikin kwalbarka taron kasuwa ne. Metanol ba ya zaɓe, ya kwaso koren ganye da kakin da ke jikinsa da sukari da tanin, abin da kake nema kuma, wato loson, sinadarin da ke ba lalle rininsa, bai fi kashi 1 cikin 100 na busasshen ganye ba, ko ɗan sama da haka in lallen mai kyau ne. Giram ɗaya a cikin danƙo giram goma sha wani abu ba zai taɓa haɗa kansa ya zama kiristal ba.

Ka fara gyarawa daga ganyen. Ka bar garin da aka riga aka ƙulla a leda, don wani ana zuba masa rinin PPD ya yi baƙi, kai kuma ba za ka gane da ido ba. Ka nemi ganyen kansa, a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi ko wajen mai gona, ka shanya a inuwa, ka daka da hannunka. Ka wanke garin da heksen sau biyu, mililita 300 kowane karo, ka zubar da ruwan wankin a kwalbar shara, ka bar garin ya sha iska.

Akwai abin da masu ƙunshi suka sani wanda ɗalibai ke mantawa. Mace ba ta kwaɓa lalle ta ɗaura nan take, sai ta bar shi ya kwana ko ya yi wasu awoyi kafin ya kama. Dalili shi ne a cikin ganye yawancin loson ɗaure yake da sukari, sai ruwa ya shiga sannan a sake shi. Kai ma haka za ka yi: garin a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi, wajen digiri 40, ya kwana.

Da safe sai ka yi amfani da halin loson ka raba shi da sauran. Shi ɗan asid ne, pKa ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin asid, wajen 4, saboda haka sodiyam baikabonet ma ya isa ya mai da shi gishiri mai narkewa a ruwa. Ka riƙa barbaɗawa kana juyawa har takardar pH ta nuna 8, za ka ga ruwan ya yi ja mai ruwan goro. Kada ka ce bari in yi sauri da sodar sabulu mai ƙarfi, balle ka ɗora a wuta. Alkali mai ƙarfi da zafi da iska in suka haɗu, tanin ya yi baƙi ƙirin, loson ɗin ma ya lalace, ka koma gidan jiya.

Tacewa ce za ta ba ka wahala, don lalle yana da yauƙi kuma yana toshe takardar tata cikin minti biyu. Ka fara matsewa da farin ƙyalle, sannan ka shimfiɗa Celite, garin da ke taimaka wa tacewa, kaurin santimita ɗaya a mazurarin Buchner ka ja. Ruwan da ya sauko, tun yana alkali, ka girgiza shi da etil asitet mililita 100 sau biyu ka yar da na saman. Wannan wanki ne kawai, loson yana ƙasa.

Yanzu asid. Haidirokulorik mai ƙarfin mola 2, ɗigo-ɗigo, a cikin babbar bika buɗaɗɗiya, don baikabonet zai yi kumfa kamar an girgiza lemon kwalba. Wanda ya zuba a mazurarin rabewa ya toshe, murfin zai tashi ya bar shi da lalle a fuska. Ka tsaya a pH 2 zuwa 3. Launi zai juya daga ja zuwa rawaya, alamar loson ya bar siffar gishiri. Ka ɗebe shi da etil asitet mililita 100 sau uku. In rabuwar ta ƙi, ka ga wani farin kindirmo a tsakani, zuba ruwan gishiri mai kauri ka ba shi minti goma. Wasu takardu za su ce a ɗebe da sinadarin ita (ether), amma shi yana tafasa a digiri 35, ɗakinmu na Bauchi kuwa a Maris da Afrilu yana wuce haka. Etil asitet sai 77, shi ne namu.

Ka busar da sodiyam salfet mara ruwa, ka tace, ka ƙafe a ƙasa da digiri 45. Garin da ya rage ka narkar a asitik asid mai zafi, iya ɗan abin da zai narkar da shi, ka bar shi ya huce a hankali. Kiristal ɗin rawaya ne, yana narkewa yana ƙonewa wajen digiri 195. In ka samu miligiram ɗari biyu ko uku masu tsabta ka yi ƙoƙari. Jelar TLC kuwa, ka haɗa heksen 7 da etil asitet 3 ka sa ɗigon asitik asid, tabon zai tsaya dunƙule.

Sai ka ga tabo ɗaya tak sannan ka taɓa maganar sauya shi. Mafi sauƙi shi ne mai da OH ɗinsa metoksi. Ga kowane giram ɗaya na loson, metanol mililita 50 da asid haidirokulorik mai kauri ƙasa kaɗan da mililita ɗaya, a tafasa da kwandensa a kai awa huɗu. Kai sai ka rage gwargwadon abin da ke hannunka. Metanol ɗin ya zama busasshe, don wannan haɗi yana iya komawa baya, ruwa kuma shi ke mai da shi. Kwalbar da aka bari buɗe da damina ta riga ta sha ruwa. In ya huce, allurai rawaya za su fito, masu narkewa wajen digiri 183. Nauyin molekyul na loson 174 ne, na sabon 188, don haka giram ɗaya ba zai ba ka fiye da 1.08 ba. In sikeli ya nuna fiye, jiƙaƙƙe ne. Gwajin da ya fi arha: jefa ƙwaya ɗaya a ruwan baikabonet. In ruwan ya yi ja, akwai sauran loson, ka wanke ka sake.

A gwajin ƙwayoyin cuta nan ake yawan yaudarar kai. Ka narkar a DMSO, wani ruwan narkar da sinadarai, amma kada ya wuce kashi 1 cikin 100 a ruwan gwajin, kuma lallai ka ware bututu mai DMSO zalla da wani mai sifrofuloksasin, sanannen maganin kashe ƙwayoyin cuta, don kwatance. Kaurin ƙwayoyin ya dace da ma'aunin McFarland 0.5, agar na Mueller-Hinton da ake shuka su a kai kaurin milimita 4, digiri 35 zuwa 37, awa 16 zuwa 18. In wuta ta ɗauke rabin dare injin ɗumama ƙwayoyin ya huce, wannan zagayen ya tashi a banza, kada ka rubuta shi. Faɗin da'irar da ƙwayoyin ba su tsiro ba kewaye da ramin da ka zuba samfurin a agar ma ba shi ne ƙarfin magani ba: loson da ɗansa mai metoksi ba sa tafiya a cikin agar da sauri ɗaya. Ka yi ta raba ƙarfin biyu-biyu a bututu ka nemo mafi ƙanƙantar da ya hana tsiro, kowanne sau uku, loson da sabon a rana ɗaya.

Zoben nan na loson shi ne a jikin atobakon na maganin zazzaɓin cizon sauro, Malarone, don haka gidan ba na wasa ba ne. Amma shi dai loson ɗin yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai masu ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, in aka shafe su da lalle. A rahotonka ka rubuta abin da ya yi wa ƙwayar cutar Staphylococcus a bututu da adadinsa, kalmar "magani" kada ta shiga. Danƙon nan naka kuma kada ka zubar, ka narkar da shi a ruwan baikabonet ka bi da shi ta wannan hanya gefe guda, mu ga nawa zai bayar.