Salgarmu na cika da ruwa a bakin teku, a ƙara mata zurfi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar bandar kifi a wani ƙauye da ke gefen Badagry, a bakin teku a jihar Legas, mu goma sha biyu ne a gida. Duk damina sai salga ta cika ta tumbatsa, ruwan wanka da na wanke-wanke ya kwanta a bayan ɗaki. Magini ya ce a ƙara wa sokawe zurfi. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda. Dabarar da maginin ya kawo ta tudu ce. A Kano ko Katsina sai an haƙa gaba da yawa kafin a tarar da ruwa, don haka ƙazanta na ratsa busasshiyar ƙasa ta tace kafin ta isa can. A wurinku kuwa rairayi ne, ruwa na kusa da tafin ƙafa, yana kuma tasowa da damina. Ramin da ya taɓa ruwan nan ba ya tsotse komai, gauraya kashi yake da ruwan da rijiyarku ke ja. Ta nan kwalara da taifod ke shiga gida. Abin da ake so shi ne a sami aƙalla mita 1.5 tsakanin gindin rami da ruwan ƙasa, da tazarar kamar mita 30 tsakaninsa da rijiya. Da wuya ka sami na farkon a bakin teku.

To sai a bar haƙa, a koma sama. A ɗaga masai a kan dakali, a haɗa shi da tanki mai ɗaki biyu wanda aka shafe da siminti ciki da waje, ba ya yoyo ko kaɗan. Ɗakin farko ya ci kashi biyu cikin uku na tankin. A nan dagwalo ke kwanciya, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce gaba bayan kwana ɗaya zuwa biyu. Kada haskensa ya ruɗe ka, har yanzu cike yake da ƙwayoyin cuta.

Inda aikin yake shi ne kwamin tsakuwa. A gina kwami mai zurfin santimita 60, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasansa, a cika da tsakuwar da aka wanke, a ɗan karkata shi yadda ruwan da ya fito daga tankin zai shiga ta wannan kai ya fita ta wancan. Ga gida irin naku, faɗin mita 3 da tsawon mita 8 zai wadatar. Sai a dasa jema ko kacalla. E, kacallar nan da ta toshe wa manoman Hadeja da Nguru hanyoyin ruwa, a nan ta zama ma'aikaciya: ƙananan halittun da ke manne a saiwarta da jikin tsakuwa su ke cinye dattin. Ruwan ya tsaya ɗan yatsa ƙasa da saman tsakuwa. In ka taka ka ga ruwa a fili, tsakuwar ta toshe, kuma sauro ya sami gida. Ruwan girki da na wankin kifi kuwa a fara bi da shi ta ƙaramin akwatin tare maiƙo, don kitse da ɓawon kifi ne ke fara kashe kwamin.

A Rufisque da ke gaɓar Senegal, a shekarun 1990 ƙungiyar Enda ta haɗa gidaje da siraran bututu zuwa tafkunan da kainuwa ke tace ruwan. Tsari ne mai kyau in unguwa ta haɗa kai, amma ga gida ɗaya na fi son tsakuwa, saboda yara da sauro.

Ruwan da ya fito a shayar da ayaba ko kwakwa da shi, ban da alwala, ban da latas da duk ganyen da ake ci ɗanye. Tankin kuma a yashe shi duk bayan shekara biyu zuwa uku, da rani. In aka kwashe shi ƙarƙaf da damina, ruwan ƙasa na iya cicciɓo shi kamar kwalekwale ya tsage bututun.