Allon "Montessori" da buhun littattafai: amsoshin wasiƙunku

Wata uwa daga Zariya ta ce: "Anti, ɗana shekararsa uku da rabi, har yau bai iya rubuta ABC ba, ɗan maƙwabciyata kuwa yana rubuta 1 zuwa 100. Ko in ɗaukar masa malamin lesin?"

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki mayar da kuɗin lesin cikin jaka. Yatsun ɗan shekara uku ba su gama ƙwari ba. Ki ba shi gawayi ya yi ta zane a ƙasa, ya ɗura wake a kwalba, ya ƙirga miki albasa kina girki, da dare ki yi masa tatsuniya. Wannan ma karatu ne. In dai yana ji, yana magana, yana damun ki da tambaya, lafiyarsa ƙalau.

Wani magidanci daga Kano: "Makarantu biyu ne a unguwarmu. Ɗaya ta rubuta Montessori da manhajar Ingila a allonta, kuɗinta ya kusa ninka na ɗayar. Wacce zan kai 'yata?"

Malam, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Sunan Montessori ba shi da mai shi, duk wanda ya biya mai fenti zai iya rubuta shi. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, a 1907 ta buɗe ajinta na farko a Roma, kuma 'ya'yan talakawa ta tara. A tsarinta 'yan shekara uku zuwa shida tare suke zama a aji guda, kayan aiki na jere a kanta daidai tsayin yaro, shi yake zaɓar abin da zai yi. Haruffa ma na sanfefa ne, yaro ya bi su da yatsa kafin ya riƙe fensir. Manhajar Ingila ta 'yan ƙasa da shekara biyar ita ma wasa ne ƙashin bayanta.

Na taɓa shiga wata makaranta mai irin wannan allo. Yara sun cika ɗaki a kan benci, malama riƙe da tsumagiya, suna ta rera "A for apple" kamar masu bara. Fanka ba ta juyi, tsakar gidan ko lilo babu. Amma a ofis ga jerin littattafai fiye da goma, dole a wurinsu za ka saya, wasu ma na jabu ne, tawada duk ta dishe, ganye na zubewa tun makon farko. Ɗan shekara huɗu ya goya jaka kamar ɗan dako! Baɗi kuma a canza bugu don kada ƙani ya gāji na wa.

Ka je da safe ba tare da sanarwa ba. Ka ce a nuna maka tsarin darasin zangon nan, mako-mako, ka tambaya ko ya bi manhajar hukumar NERDC, wadda ita ce ke tsara ta ƙasa. Ka ƙirga yara a aji, ka leƙa banɗaki, ka tambayi malama inda ta yi horo, ko tana da NCE. In suka tsaida ka a ofis suna nuna maka hotuna, kama gabanka. In mai arha ta ci wannan jarrabawar, ita za ka kai ta.

Wata amarya ta tambaya ko ta saya wa 'yar shekara biyu tablet "mai koyar da Turanci". A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada kallonsu ya wuce awa ɗaya a rana. Ki saya mata kalar zane.

Mai tambaya kan leshin da ya dace da bikin yaye 'yan naziri: Hajiya, yaron nan firamare zai shiga, ba hidimar ƙasa ba. Sa wanda kika yi Sallah da shi.