Amsar tambayarki kan allurar tsinka jini

'Yata, saƙonki ya iso. Kin tambaye ni me ya sa ya zama al'ada a asibitoci, wanda aka yi wa tiyata ya daɗe a kwance sai a riƙa yi masa allurar hefarin, maganin tsinka jini, a fatar ciki, kuma ko da gaske tana rage kumburi kamar yadda kika ji.

Asalin dalilin gudan jini ne. Jinin da ba ya gudu sosai yakan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya je ya toshe huhu. Amma abin da kika ji akwai ƙamshin gaskiya, domin daskarewar jini da garkuwar jiki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Turombin, sinadarin da ke ƙulla gudan jini, shi ne kuma ke tsokanar bangon jijiya har ya kirawo fararen ƙwayoyin jini. Daga cikinsu akwai nutrofil, waɗanda kan fesa wata raga ta DNA, wato sinadarin gadon halitta, su kama ƙwayar cuta, abin da aka bayyana a 2004, jini kuwa yakan daskare a kan ragar. Hefarin na danne turombin, yana kuma manne wa sinadaran da fararen ƙwayoyin ke kama bangon jijiya da su, sai kutsawa cikin nama ta yi musu wuya. A jikinmu ma wasu ƙwayoyin garkuwa ne, da ake kira mast, ke ajiye hefarin.

Kada dai ki ɗauke shi maganin kumburi. A gwaje-gwajen korona na 2021, cikakken awonsa, wanda ya fi na rigakafin gudan jini yawa, ya taimaki waɗanda ciwonsu bai tsananta ba, amma bai amfani na sashen kulawa ta musamman ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: wani lokaci garkuwar jiki kan juya wa hefarin baya. Yakan haɗu da wani furotin na faletlet, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni, jiki ya ɗauki wannan haɗin a matsayin abokin gaba. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara allurar sai faletlet su ragu, jini kuma ya hau daskarewa, alhali don hana hakan aka ba da maganin. Shi ya sa ake yawan ɗibar jinin majinyaci ana ƙirga su. In kina jinyar wani kika ga ƙafarsa ta kumbura, ko numfashi ya yi masa nauyi, ki gaya wa likita a take.