Sanata baƙar fata na farko a Amurka: bawa ne da ya gaji kujerar Jefferson Davis?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa baƙar fata na farko da ya zama sanata a Amurka tsohon bawa ne, kuma kujerar Jefferson Davis, jagoran jihohin kudu da suka ɓalle, ya hau. Gaskiya ne?

Amsa: An gauraya maka labarin mutum biyu ne, ɗan'uwa. Na farkon shi ne Hiram Revels, kuma bai taɓa zama bawa ba. Ɗa aka haife shi a Fayetteville, jihar Karolina ta Arewa, a 1827. Limamin coci ne kuma malamin makaranta. Lokacin yaƙin basasa ya taimaka wajen ɗaukar baƙaƙe aikin soja. A wancan zamani majalisar jiha ke zaɓen sanata, ba talakawa ba, to majalisar Misisipi ta zaɓe shi a Janairun 1870 don ya ƙarasa wa'adin da ya rage na kujerar Albert Brown, tsohon sanatan jihar. Ta Davis kuwa, wanda shi ma tsohon sanatan Misisipi ne, wani farar fata mai suna Adelbert Ames aka bai wa.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne lokacin da aka zo rantsar da shi. Tsarin mulki ya ce sai wanda ya shekara tara yana ɗan ƙasa zai zama sanata. 'Yan Demokrat suka kafe cewa hukuncin Kotun Ƙoli na 1857 a shari'ar Dred Scott ya ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, sai gyaran tsarin mulki na 1868 ya ba shi wannan matsayi, don haka shekarar Revels biyu kacal. Ka ji dabara. Magoya bayansa suka ce tun haihuwa ɗan ƙasa ne, har ƙuri'a ya taɓa kaɗawa a Ohayo. Ranar 25 ga Fabrairu aka amince da shi da ƙuri'a 48, 8 suka ƙi.

Shekara ɗaya kawai ya yi. Ya tsaya wa baƙaƙen 'yan majalisar Jojiya da aka kora, amma kuma ya nemi a yafe wa tsofaffin 'yan tawaye, abin da a ganina ya nuna sauƙin kansa ya yi yawa. Daga nan ya koma shugabancin kwalejin Alcorn.

Tsohon bawan da kake nufi Blanche Bruce ne, shi ma na Misisipi. Ya yi cikakken wa'adi daga 1875 zuwa 1881, kuma a kujerar da Davis ya bari ya zauna.