Ba Ta Da Takardar Haihuwa, Sai Mun Je Gaban Alƙali?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ina riƙon ɗiyar yayana marigayi a nan Daura. A gida aka haife ta, ungozoma ce ta karɓi haihuwar, ba a yi mata rajista ba. Yanzu ta wuce shekara 18, tana son rubuta JAMB, sai wani mai shagon kwamfuta ya ce sai mun shigar da ƙara alƙali ya ba da umarni. Mahaifiyarta ta ce cikin azumi ta haife ta, shekarar da Sarki Bashar ya rasu, amma a firamare an rubuta mata 1 ga Janairu 2009. Wanne za mu riƙe? Daga goggonta, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka miki da alheri kan riƙon marainiya. Ki kwantar da hankalinki, ba shari'a za ku yi da kowa ba. Kotu dai za ku shiga, amma ofishin rantsuwa, ba gaban alƙali ba.

Dokar rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ɗora wa wannan aiki, kuma ta ce a yi wa jariri rajista cikin kwana 60. Wanda ya makara yana da hanya, sai dai tunda ɗiyarki ta wuce 18, ba irin takardar jarirai za a ba ta ba, takardar tabbatar da haihuwa ce. Kafin nan sai wani babba da ya san haihuwar ya je babbar kotu ya rantse a rubuce. Mahaifiyarta ta fi kowa cancanta, in ba hali ke ma kin isa. Yarinyar ba ta rantse wa kanta, don ba wanda ya shaida haihuwar kansa.

To, batun kwanan wata, nan ne aikin yake. Mahaifiyar ta riga ta ba ku amsa ba ta sani ba. Sarkin Daura Muhammadu Bashar ya rasu a 2007, shekarar da Umaru Musa Yar'adua ya hau mulkin ƙasa, azumin wannan shekara kuwa ya kama daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. Ku zauna da ita ku tambaye ta, azumi nawa aka kai? An yi suna kafin salla ko bayanta? In akwai wani malami a gidan da ke rubuta ranar haihuwar yara a bangon littafi, kamar yadda iyayenmu suka saba, a duba. Ɗaya ga Janairun nan kuwa cike gurbi ne kawai; na ga aji guda da kusan rabinsa rana ɗaya aka "haife" su.

Na san za a samu mai ce muku ku riƙe 2009 ɗin, wai ragin shekara ɗaya da 'yan watanni zai yi mata amfani wajen neman aiki. Kada ku yarda. Rantsuwa kan ƙarya laifi ne a doka, balle a wurin Allah, kuma uwa ce za ta sa hannu. A rubuta gaskiya, a kuma ambata a takardar cewa abin da ke takardar firamare kuskure ne.

Da takardar kotun za ta je ta yi lambar NIN, wadda JAMB ba ta yin rajista sai da ita tun 2021. Daga nan sai Hukumar Ƙidaya, inda yanzu ta intanet ake cike neman. Ki tsaya a kan mai buga bayanan ki karanta da idonki, suna da kwanan wata su zo iri ɗaya a ko'ina, domin gyara a NIN bayan an shigar kuɗi ne da zarya. Duk abin da kuka biya, ku karɓi rasit.